Yawan mazauna ba shi kaɗai ne mudun awon gari ba

Mutanenmu mazauna Jidda sun daɗe suna cewa garin da ya fi yawan jama'a shi ya fi yi wa na nesa hidima. Akwai ƙamshin gaskiya, domin asibitin ƙwararru ko jami'a ba sa tsayuwa sai da masu zuwa da yawa. To amma masu zuwan ba dole su zama 'yan gari ba, kuma nan ne aka yi kuskure. Makka ba ta kai Jidda ko Riyad yawan mazauna ba, amma a 2019 alhazai kusan miliyan 2.5 suka yi Hajji. Mina kuwa fayau take mafi yawan shekara, ga ta da asibitoci, ga jirgin ƙasa tun 2010, duk saboda 'yan kwanakin jifa.