Kwas ɗin kwamfuta a makarantar fasaha ba mafakar raunanan ɗalibai ba ne

Iyaye da dama a Zariya sun daɗe da ɗaukar cewa yaron da aka tura makarantar fasaha ta matakin sakandare ya koyi kwamfuta, karatu ne ya gagare shi, kuma ya yi sallama da jami'a ke nan. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana cutar da yara masu basira.

Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ita ke shirya jarrabawar kammala waɗannan makarantu, kuma ana karɓar takardar shaidarta wajen neman gurbin karatu ta hanyar JAMB, kamar yadda ake karɓar ta WAEC da NECO. Ɗalibin yana rubuta Turanci da lissafi tare da darussan sana'arsa, saboda haka idan sakamakonsa ya cika sharuɗɗan kwas ɗin da yake so, yana iya neman Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli.

Aikin kansa ba na malalacin ƙwaƙwalwa ba ne. Yaron da aka ajiye wa kwamfutar da ta ƙi tashi dole ya kwance ta, ya zare ma'adanar wucin gadi (wato RAM, inda kwamfuta ke riƙe bayanan da take aiki da su) ya goge bakinta, ya gwada wutar da ke shiga, yana kawar da zato ɗaya bayan ɗaya har ya gano matsalar. A ganina, abin da ya kamata uba ya bincika kafin ya yanke hukunci shi ne ko makarantar tana da wuta, da isassun na'urori, da malamin da ya san aikin.