Waiwaye: Daga gawa zuwa zuciyar roba a koyon aikin zuciya

Mai aikin zuciya da hannunsa yake cin abinci. Zai zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, ya bi da shi har cikin zuciya idonsa na kan allo, ya murɗa, ya ɗan ja baya, ya sake turawa. Karatu kaɗai ba ya ba da wannan hannun, shi ya sa malaman likita suka daɗe da tambaya ɗaya: a jikin wa ɗalibi zai fara gwadawa?

A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya gwada a jikinsa. Ya zura bututu ta jijiyar gwiwar hannunsa har zuciya, ya je ya ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. A 1977 wani likita, Andreas Gruentzig, ya buɗe toshasshiyar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a Zurich. Tun daga nan aikin bututu ya yawaita, mai koyo kuwa yana tsaye bayan malaminsa yana kallo, har ranar da za a miƙa masa bututun a kan majinyaci mai rai.

Gawa ta daɗe tana koyar da ɗalibai, amma a wajenmu samunta aiki ne. Mamaci da safe, kafin azahar an kai shi makwanci, don haka makarantu sun fi dogara da gawarwakin da ba a zo nema ba. Maganin da ake adana su da shi yana sandarar da nama, kuma da wuya a samu zuciyar jariri mai huji ko jijiyoyi a juye, alhali kusan jarirai 8 cikin 1,000 da ciwon zuciya ake haihuwarsu. A 1968 Michael Gordon na Jami'ar Miami ya fito da mutum-mutumin nan Harvey, mai bugun jijiya da sautukan zuciya iri-iri. Ya horar da kunne da yatsa, amma cikin zuciyar ya kasance a rufe.

Na'urar buga abu da siffarsa, wato 3D printer, ce ta buɗe shi. Wani injiniya a Amurka, Chuck Hull, ya sami rajistar fasaharsa a 1986, sai dai tsada ta tsare ta a masana'antu, har 2009 da wa'adin rajistar wata hanyar narka roba ya ƙare, ƙananan na'urori suka yi araha. Yadda ake yi: a ɗauki hoton cikin jikin majinyaci na CT ko MRI, wani ya zauna gaban kwamfuta ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana ware nama daga jini, sannan na'ura ta ɗora roba hawa-hawa har zuciyar mutumin ta fito. Mai tauri ana tsaga ta biyu a nuna wa ɗalibi hujin, ya sa yatsa ya ji gefensa. Mai laushi ana yanka ta a ɗinke, kamar yadda ake horar da likitocin tiyata a asibitin yara na Toronto. Wata kuma a haɗa ta da famfo ruwa na gudana, mai koyo ya yi ta zura bututu yana kuskure yana sakewa, ba ran da ke hannunsa.

Roba dai roba ce. Ba ta zubar da jini, ba ta rikicewar bugu, kuma siraran murafen zuciya ba su cika fitowa daidai ba. Amma ni dai gara hannu ya yi rawarsa ta farko a kanta.

A Nijeriya an fara buɗe zuciya a tiyata a Inugu a 1974, kuma har yau masu wannan aikin ba su da yawa. Jihar Kaduna ba baƙuwa ba ce a fagen. Tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fara a 1967, a Zariya aka yi fitaccen binciken ciwon zuciyar masu jego da alaƙarsa da wankan jego da kunun kanwa, asibitin koyarwar ya tare a Shika a 2005, ga kuma asibitin Barau Dikko yana horar da ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna. Akwai injiniyoyi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Tudun Wada, maƙeran Panteka ba abin da ba sa haɗawa.

A ganina sayen na'urar shi ne mafi sauƙi. Wahalar tana wajen hoto mai kyau, wanda majinyaci ke biya daga aljihunsa, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar bugun sa'o'i da yawa ba, da mutumin da ya san zuciya ya kuma san kwamfuta. Manhajar 3D Slicer, wadda ake ware zuciya daga hotunan da ita, kyauta ce. In an ware zuciya ɗaya da izinin mai ita, aka goge sunansa, ana iya tura fayil ɗin daga Shika zuwa Barau Dikko ta intanet, kowane aji ya buga tasa.