Waiwaye: Yadda aka gano ƙananan galaksi ma suna karo da juna

A 1972 ne Alar da Juri Toomre suka nuna da lissafin kwamfuta cewa fizgar da galaksi (wato babban tarin taurari) biyu ke yi wa juna ita ke zaro musu dogayen wutsiyoyin taurari. Daga nan hankalin masana ya karkata ga manyan galaksi, aka bar ƙanana a baya, alhali sun fi yawa. Uzurin na da ƙarfi: wutsiyar ƙaramin galaksi kan dushe har ta ɓace cikin hasken sararin dare.

Amma shaida tana nan kusa da mu tun da daɗewa. A 1963 na'urar rediyo mai kama zangon santimita 21 ta gano gadar iskar haidirojin tsakanin Gajimaren Magellan Babba da Ƙarami, ƙananan galaksi biyu da ke maƙwabtaka da namu, a 1974 kuma aka danganta wata doguwar jelar iska da su. Shekaru da dama ana ɗora wa galaksinmu alhakin zaro jelar. Sai awon da aka yi da na'urar hangen nesa ta Hubble a 2006 ya nuna gudun Gajimaren biyu ya zarce tsammani, Gurtina Besla da abokan aikinta suka ce a 2007 mai yiwuwa wannan ne karon farko da suke ratsowa kusa da mu. In haka ne, su biyun ne suka yagi juna.

Matsalar Magellan ita ce babban maƙwabci, wato galaksinmu, na gefe, ba a iya raba tasirinsa da nasu. Shi ya sa Sabrina Stierwalt ta tattaro tagwayen ƙananan galaksi 104 daga bayanan SDSS, wani babban shirin zana taswirar sararin samaniya, a 2015. Sharaɗi: tazararsu kada ta kai kiloparsek 50, wato tafiyar haske ta shekara kusan 160,000, bambancin gudunsu kuma ƙasa da kilomita 300 a daƙiƙa. Waɗanda ke nesa da kowane babban galaksi aka ware daban, aka tarar suna haifar taurari fiye da ninki biyu na takwarorinsu marasa abokin tafiya.

Wannan tankaɗen zaɓen tagwaye yana yoyo ta hanya biyu. Wasu tagwayen a ido kawai suke kusa, ɗaya na can baya da nisa. Wani lokaci kuma manhajar tantance hoto kan raba galaksi ɗaya mai gudaji-gudaji ta ƙirga shi biyu, don haka dole a bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar da taswirar haidirojin, wadda ke nuna yagewa tun kafin taurari su nuna.