Abubuwan da ke Sa Matasan Kebbi Shirin Ambaliya

Shirin ambaliya shi ne duk matakin da gida ko unguwa ke ɗauka tun ruwa bai iso ba domin a rage asarar rai da dukiya, kamar yashe magudanai, tayar da jinga, kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu, da sanin hanyar fita. A Jihar Kebbi dattawa ne ke yanke shawara a irin wannan lamari, amma ɗaukar shebur da tuƙa kwale-kwale na matasa ne, saboda haka abin da ke motsa su ko ya sanyaya musu gwiwa yana da tasiri kan yawan ɓarnar da ruwa ke yi.

Yadda ruwan ke zuwa

Ta Kebbi Kogin Neja ke shigowa Nijeriya, ya ratsa Bagudo da Yauri kafin ya faɗa tafkin Kainji. Gulbin Rima kuma yana gangarowa daga Sakkwato ta Augie, Argungu, Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza da Suru, ya karɓi ruwan Gulbin Zamfara da na Gulbin Ka, sannan ya haɗu da Neja. Fadamar da ke tsakanin waɗannan gulabe ita ce arzikin shinkafar jihar, ita ce kuma hanyar ruwa.

Haɗarin ya fi tsanani a Agusta da Satumba, lokacin malka, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi ta daina shan ruwa. Idan madatsar Goronyo a Sakkwato ko ta Bakolori a Zamfara ta cika aka buɗe ƙofofi, ruwa na iya mamaye gona ranar da ko hadari babu a sama. Garuruwan bakin Rima sun ɗanɗana haka a 2010. A 2020 kuwa an ba da rahoton cewa ruwa ya shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar. Akwai kuma cikowar Neja ta biyu daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya yi watanni yana tafiya ta Mali. Ba ta kai ta damina ƙarfi ba, amma mai noman rani a bakin kogi yana lissafi da ita.

Tsoro da iyawa

Masana halayyar ɗan Adam kan yi bayanin abin da ke sa mutum shiri da nazarin da Ronald Rogers ya gabatar a 1975, ya kuma faɗaɗa a 1983. A taƙaice, mutum yana auna abu biyu kafin ya kare kansa: girman haɗarin, da kuma ko yana da abin yi a kai, wato matakin zai yi aiki, shi zai iya, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfinsa ba. Binciken da aka yi kan ambaliya a ƙasashe dabam-dabam ya sha nuna cewa na biyun ya fi na farko sa mutane motsi. Saurayin da aka cika wa kunne da labarin halaka ba a nuna masa abin yi ba, yakan ƙare da cewa “Allah ya kyauta” ya ci gaba da harkarsa. Wanda aka koya wa jera buhun yashi sau ɗaya, shi ake gani a bakin jinga.

Ganin ambaliya da ido yana tasiri, sai dai tasirin na dushewa bayan wasu shekaru masu lafiya. Yana kuma iya juyewa. Wanda ruwa ya ci gonarsa duk da wahalar da ya sha yakan ce shiri ba ya hana komai, wanda kuma ruwa ya tsaya a ƙofar gidansu yakan ɗauka nan ce iyakarsa har abada.

Abin da yake nasa

Babu abin da ke tayar da matashi kamar dukiyar da guminsa ya tara. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, samari da yawa sun shiga noman shinkafa da sunan kansu. Mai injin ban-ruwa, mai babur na haya, mai ragon da yake kiwo don kuɗin aure, duk sun fi sauraron labarin gulbi fiye da wanda ke aiki a gandun gida kawai, inda riba da asara ke hannun maigida. Irin wannan saurayi ne ke cire injin da tiyo daga fadama tun farkon Agusta, shi ne kuma ke tambayar irin shinkafa na FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, masu iya jure nutsewa na kusan mako biyu. Irin yana da iyaka: idan ruwa ya zarce haka, ko ya zo bayan shinkafa ta fitar da kai, ba ya ceton gona.

Talauci kuma yana jan wannan baya. Wanda cin yau ke gabansa ba zai bar aikin ƙwadago ya je yashe kwata kyauta ba, kuma wanda ba shi da fili a tudu ba ya tashi daga fadama don an ce ya tashi. Tsoron ɓarayi ma na zaunar da samari a gidan da ruwa ya kewaye, don gadin kwanon rufi da awaki.

Gargaɗi da wanda ya kawo shi

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma ta fitar da na ambaliya kafin ruwa ya kankama, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwararta ta jiha su ke isar da saƙon. Matsalar ita ce hasashen na faɗin sunan ƙaramar hukuma, shi kuwa saurayi so yake ya ji ko gonarsu na ciki da kuma ranar da ruwa zai iso. Shi ya sa saƙon murya a WhatsApp daga ɗan'uwa da ke gaba a kan gulbi ya fi sanarwar hukuma shiga. Ta nan ɗin kuma jita-jita ke bi, a yaɗa tsohon bidiyo a ce dam ya fashe. Idan aka gudu sau biyu ba a ga ruwa ba, na ukun ba mai motsi. Maganar sarkin ruwa, mai unguwa ko limami ta fi nauyi, domin an san inda za a same su gobe.

Ana yawan ɗora sakaci a kan imani da ƙaddara, kuma wannan hukunci ne na gaggawa. Malamai da dama na kafa hujja da hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali, da tanadin hatsi na Annabi Yusuf (AS), wajen kira ga shiri.

Idon tsara

Aikin gayya, ƙungiyoyin unguwa, 'yan agajin ƙungiyoyin addini da Red Cross na ba matashi abin da wa'azi ba ya bayarwa: matsayi, riga, da kunyar a ce bai fito ba. A nan kuma ganganci ke shigowa. Yaran Sarkawa da Kabawa sun tashi da iyo da gora, har wasu na raina ruwa, alhali ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babba, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Haɗarin jirgin ruwan da ya faru kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a Mayun 2021, inda mutane da yawa suka rasu, ya tayar da maganar lodi fiye da kima da rigar kariya, amma har yanzu akwai mai jin kunyar sa ta a gaban abokai.

'Yan mata ba kasafai ake gayyatarsu taron shiri ba, kuma sun fi ƙarancin iya iyo, duk da cewa ruwan sha da ƙanne na hannunsu. Abin da ya fi amfanar su a sani shi ne rijiyar da ruwa ya shiga ta gurɓata, a tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, kuma ruwan gishiri da sukari na mai gudawa ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Inda aikin ke lalacewa

Ƙwazo ba tare da sani ba yakan tafi a banza. Buhun yashi rabi ko kashi biyu cikin uku ake cikawa, a naɗe bakinsa ƙasa, a jera shi kamar tubali kowane yana danne haɗin na ƙasansa, a tattake. Wanda aka cika maƙil ba ya kwanciya, ruwa ta tsakani yake bi. Buhun leda da ya sha rana yana ruɓewa, don haka ba a jera shi tun bazara a bari. Jingar da aka tayar ba a daddale ƙasarta ba tana ɓallewa lokaci guda, wadda kuma aka yi ba da shawarar maƙwabta ba tana tura ruwa gonar wani, a koma rigima. Sharar da aka kwaso daga kwata aka tara a bakinta, ruwan farko ke mayar da ita ciki.

Gidan ƙasa daga gindi yake faɗuwa: katanga ta sha ruwa daga ƙasa, ta yi laushi, ta kasa ɗaukar nauyin azara. Yaɓen siminti a gindin bango da tudun ƙasa mai gangara waje suna taimakawa idan ruwan na wucewa ne, amma idan ya kwana a jikin bango, a fitar da mutane daga ɗakin. Katanga na iya ruftawa kwanaki bayan ruwa ya janye, daidai lokacin da samari ke komawa kwashe laka, kuma a lokacin macizan da ruwa ya koro suna cikin rumbu da tarin kara.