Kwaɗo da Abin Dangwale a Bazara: Abincin da Bai Hau Wuta Ba Yana Son Kula

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, duk wanda ke zaune a Daura ko cikin birnin Katsina ya san yadda rana ke takewa tun hantsi, har ma'aunin zafi ya haura digiri 40 a ranaku da yawa na watan Afrilu. A irin wannan lokaci tuwo ba ya shiga da rana, maiƙo yana gundurar mutum, kuma babba da yaro kowa ransa yana biya masa ɗan abin taɓawa mai sanyi da ɗan tsami. Allah kuma ya haɗa wannan buƙata da lokacin kayan gwari, domin a farkon bazara amfanin lambunan rani na Ajiwa da Jibiya da Zobe da Sabke yana cika kasuwa, kafin tumatir ya soma tsada wajen ƙarshenta.

A matsayina na ma'aikaciyar lafiya a matakin farko, ina cikin masu kwaɗaitar da iyalai su ci irin wannan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana, kuma gidaje kaɗan ne a cikinmu ke kaiwa wannan adadi. Kokwamba kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, kankana kuma wajen kashi 92, saboda haka wanda ya ci su ya mayar wa jikinsa wani abu daga abin da zufa ta kwashe. Sai dai akwai abu guda da nake so a riƙe tun daga nan. Yawancin abincinmu wuta ce ke tsare mu daga cutar da ke cikinsa, shi kuwa wannan, ko dai bai hau wuta ba sam, ko kuwa ya sauka ya huce an cuɗa shi da hannu. Aikin da wuta ta saba yi ya koma kan ruwa da hannu da wuƙa da kuma lokaci.

Ba mu buƙatar aron komai daga waje kafin mu fara, tunda muna da kwaɗo. Kwaɗon zogale, a ganina, ya fi duk wani haɗin ganye da ake sayarwa da tsada a gidajen abinci, muddin an yi shi yadda ya kamata. A tsince ganyen a cire itatuwan, a wanke shi sau biyu ko uku a ruwa mai yawa, ana tsamo ganyen daga ruwan zuwa wani kwano domin ƙasa ta zauna a ƙasan na farko. A dafa shi da ruwa kaɗan a rufaffiyar tukunya har ya yi laushi, a tsane shi a gwagwa. Mata da yawa suna zuba kanwa domin ya nuna da wuri, amma kanwa tana lalata wasu daga cikin bitamin da ke cikin ganye, don haka gara a ƙara masa 'yan mintuna a kan wuta a bar kanwar, ko a rage ta ƙwarai. Ga zogale cike da kwano madaidaici, dakakken ƙuli-ƙuli kofi ɗaya ya isa, a dama shi da ruwan da aka tafasa ya huce har ya yi kauri kamar koko, sannan a yanka tumatir biyu da albasa ɗaya da ɗan tattasai, a zuba man gyaɗa babban cokali ɗaya, a matse rabin lemun tsami a kai.

Man da lemun tsamin suna da aikin da ya wuce ɗanɗano. Bitamin A da jiki ke samu daga zogale da karas da mangwaro yana buƙatar maiƙo kafin hanji ya tsotse shi sosai, shi kuma bitamin C na lemun tsami da ɗanyen tumatir yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye, wanda shi ne ke gina jini. Wannan ya sa nake yawan ba mata masu juna biyu shawarar wannan haɗi, a matsayin ƙari a kan ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba su a wurin awo. Haka ake yin kwaɗon rama da na ganyen tafasa, sai dai ita rama tana da tsaminta, ba ta neman lemo.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne ƙuli-ƙulin kansa. Gyaɗar da ta sha danshi a ajiya tana yin fumfuna, wannan fumfuna kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta sannu a hankali har ta kai ga sankarar hanta, tana kuma da hannu a tsumburewar yara. Suya ba ta kawar da ita, tafasawa ma haka. Wadda ke yin ƙuli-ƙulinta a gida ta tsince gyaɗar tun kafin suya, ta zubar da duk ƙwayar da ta yanƙwane ko ta canja launi ko ta yi ɗaci. Wadda ke saye kuma ta saya wurin wadda ta san hannunta, ta guji wanda ya yi warin tsohon mai ko ya yi laushi.

Bayan kwaɗo sai abin dangwale, wato mahaɗi mai kauri da ake tsoma yankakken karas ko kokwamba ko gurji ko yalo a ciki, ko dafaffen rogo da dankali da awara. Mun saba da dangwala yaji, amma yaji kaɗai gishirinsa ya yi yawa ga mai hawan jini, alhali gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Mafi sauƙin mahaɗi shi ne na kindirmo. A zuba kofi biyu na kindirmo a farin ƙyalle mai tsabta a rataye shi na ɗan lokaci a wuri mai sanyi har ruwan ya ɗige ya yi kauri, a gurza kokwamba ɗaya a matse ruwanta, a daka tafarnuwa ƙwaya ɗaya da ɗan gishiri, a yayyanka na'a-na'a, a juya su wuri ɗaya. Mutanen Turkiyya da Girka da Indiya duk suna da irin wannan haɗi a ƙasashensu, kuma a lokacin zafi suka fi cin sa. Sharaɗinsa shi ne a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ake kira burusela. Tsamin nono kaɗai ba ya isa ya zama kariya.

Alhazan da suka je Makka da Madina sun san wani mahaɗi da Larabawa ke kira hummus, wanda ake ci da gurasa. Su da wani irin wake nasu suke yin sa, amma farin wakenmu yana yi, na kuma gwada shi a gidana sau da yawa. A surfa wake kofi ɗaya a wanke, a dafa shi har ya yi luguf, a soya riɗi babban cokali uku sama-sama ba tare da mai ba, a daka shi har ya fara fitar da mai, sannan a haɗa da waken da tafarnuwa da ruwan lemun tsami da ɗan mai, a kirɓa a turmi ko a niƙa a bilenda. Yana riƙe ciki, yana da sinadarin gina jiki, kuma yaran da ke ƙin karas sukan cinye shi idan aka ba su da wannan. Mai son zaƙi da tsami kuma ya jiƙa tsamiya ya tace, ya dafa ruwan da dabino biyar ko shida da citta da ɗan barkono har ya yi kauri. Shi wannan ya hau wuta, yana kuma da tsami, don haka ya fi sauran jure zafi, amma mai ciwon suga ya ɗanɗana kawai.

Mayonis na kwalba ba laifi idan akwai firji mai aiki da za a mayar da shi bayan an buɗe. Wanda ake kaɗawa a gida da ɗanyen ƙwai kuwa ban yarda da shi ba a wannan yanayi.

Yanzu sai wanki. Wasu lambuna da ke gefen gari da ruwan kwata ake ba su ruwa, wasu da kashin dabbobi da bai ruɓe ba ake yi musu taki, sannan mai sayarwa yana yayyafa musu ruwan bokiti ɗaya tun safe har yamma domin kada su yi yaushi. Don haka latas da kabeji sai an ware su ganye-ganye an wanke da ruwan da mutum zai yarda ya sha, karas da kokwamba a goge bayansu sannan a fere, kankana da mangwaro ma a wanke bayansu kafin wuƙa ta shiga, domin wuƙa ce ke jan dattin baya zuwa ciki. Jiƙawa a ruwan gishiri ko ruwan lemun tsami yana rage datti da tsutsa, amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, kuma sabulu ko garin wanki ba na kayan ci ba ne. Hannu shi ake wanke wa da sabulu, na tsawon daƙiƙa 20, kafin a taɓa komai, ballantana wadda ta gama yi wa yaro tsarki. Wuƙa da faranti da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kai ba za su taɓa kayan kwaɗo ba sai an wanke su da sabulu.

Lokaci kuwa shi ne abin da aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi kawo mana marasa lafiya. A bazarar da ta wuce wata dattijuwa ta kawo mana jikokinta uku da asuba, dukkansu suna amai da zawo, ƙaramin har idanunsa sun faɗa. Da na bi diddigi sai na gano an yi suna a gidan, an kwaɗa garin rogo da kabeji da tumatir tun hantsi, ragowar kuma ta rufe a kwano ta ba yaran bayan Magariba. Ta ce da ni, "Malama, wallahi ko wari bai yi ba, da bakina na ɗanɗana." Na ce mata, "Inna, gaskiyarki ce, amma irin ƙwayoyin da ke kawo wannan ciwo ba su canja wari ko ɗanɗano." A zafi tsakanin digiri 5 zuwa 60, ƙwayar cuta tana iya ninka kanta duk bayan minti 20, wanda ke nufin ƙwaya ɗaya tak da ta faɗa kwano da hantsi tana iya haura 260,000 cikin awa shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki, hukumomin kula da abinci na Amurka kuma sun rage shi zuwa awa ɗaya idan zafi ya haura digiri 32, wanda a wurinmu kusan kullum ne a bazara. Rowar zubar da kwano ɗaya ta jawo wa wannan gida kuɗin ƙarin ruwa da kwana biyu a gadon asibiti, an je neman ƙiba an samo rama.

Dabarar ita ce a yi kaɗan daidai cikin masu ci, a kuma raba aikin. Ana iya daka ƙuli-ƙuli da soyayyen riɗi a ajiye su a bushe a cikin kwalba mai murfi, inda ɓera ba zai kai ba, tunda a rani ne zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa. Yanka da damawa da haɗawa kuwa sai masu ci sun zauna. Inda wuta ba ta tsayawa, firjin da ya yini a kashe akwati ne kawai, bai kamata a dogara da shi ba. Tukunya cikin tukunya, wadda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen buhu, tana sanyaya kaya ta hanyar tashin ruwa, kuma a busasshen zafi irin namu ta fi aiki. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ne ya yaɗa ta a ƙauyukan Arewa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana ƙara wa tumatir da yalo da tattasai kwanaki matuƙar ba a yanka su ba, amma sanyinta ba ya sauka ƙasa da digiri 5, saboda haka ba wurin kwanan kwaɗo ko mahaɗin kindirmo ba ne.

Game da yara, jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi duk tsananin zafi, ko ruwa ba ya buƙata. Wanda bai cika shekara ɗaya ba kada a sa masa zuma a cikin komai. Ƙananan yara kuma a gurza musu karas ko a ɗan dafa shi, a daka musu gyaɗa, domin ƙwaya mai tauri tana iya sarƙe su.

Idan duk da haka zawo ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Na fakiti da ake samu a asibiti da kantin magani ya fi, a dama shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokalin shayi a lita ɗaya, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 kuma a zubar a dama sabo. A ci gaba da ba shi nono da abinci, a karɓo ƙwayar zinc da zai sha kwana 10 zuwa 14. Amma idan aka ga jini a bayan gidansa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya kasa sha, ko ya daina fitsari, ko jikinsa ya saki, to a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a wannan lokaci, ko da tsakar dare ne.