Fafutukar Raba Riƙon Yara Daidai Bayan Mutuwar Aure

Fafutukar raba riƙon yara daidai yunƙuri ne na iyaye da lauyoyi da wasu masana halayyar yara, galibi a Turai da Amurka da Ostareliya, masu neman a gyara dokokin iyali ta yadda idan aure ya mutu yaro zai ci gaba da zama wurin uwa da wurin uba kusan daidai wa daida, misali mako guda nan, mako guda can. Babbar buƙatarsu ita ce alƙali ya fara shari'a daga wannan matsayi, wanda kuma yake son a kauce masa shi ne zai kawo hujja.

Asali

A tsohuwar dokar Ingila yara na uba ne, uwa ba ta da ta cewa. Caroline Norton, wadda mijinta ya raba ta da 'ya'yanta uku, ita ta matsa har majalisa ta yi dokar 1839 da ta bai wa uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba. Daga nan ra'ayi ya yi ta juyawa, har a ƙarni na 20 kotunan ƙasashen Yamma suka saba miƙa ƙananan yara ga uwa, uba kuma ya biya kuɗin ciyarwa, ya riƙa ganinsu a wasu ranakun ƙarshen mako. Da saki ya yawaita a shekarun 1970, sai iyaye maza da yawa suka fara kukan cewa kotu ta mayar da su baƙi a rayuwar 'ya'yansu. Mai karatu da ya san hukuncin hadana a mazhabar Malikiyya, inda uwa ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji, alhali ciyarwa na wuyan uba, zai gane cewa tambayar tsohuwa ce, amsoshin ne suka bambanta.

Ƙungiyoyi

An kafa Families Need Fathers a Birtaniya a 1974, aikinta bai wa iyaye shawara da matsa wa 'yan majalisa lamba cikin lumana. Wadda ta fi yin suna ita ce Fathers 4 Justice ta Matt O'Connor. A watan Mayun 2004 'ya'yanta suka jefi Firaminista Tony Blair da garin fulawa mai launi a zauren majalisa, a watan Satumba kuma wani daga cikinsu, Jason Hatch, ya haye bangon fadar Buckingham sanye da kayan Batman, jarumin fina-finai. Wannan ya ja hankalin jaridu, amma ya kuma sa mutane da dama suka ɗauki tafiyar duka a matsayin ta fusatattun maza, abin da bai yi wa sauran adalci ba, domin akwai iyaye mata da kakanni a cikinta. A Amurka, National Parents Organization ce ke kan gaba wajen bin majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya.

Dokokin da aka samu

Suwidin ta ba kotu ikon yanke riƙon haɗin gwiwa ko da ɗayan iyayen bai yarda ba tun 1998. Faransa ta shigar da zaman karɓa-karɓa tsakanin gidan uwa da na uba cikin dokarta a 2002, Beljiyam kuma a 2006 ta wajabta wa alƙali ya fara duba rabo daidai idan ɗaya ya nema. A 2015 majalisar wakilai ta ƙungiyar ƙasashen Turai mai suna Council of Europe, da ke Strasbourg, ta zartar da ƙuduri mai lamba 2079 tana kiran ƙasashe su bi wannan hanya. Jihar Kentucky ce ta fara mayar da rabo daidai matsayin farko a Amurka, a 2018. Arkansas ta biyo baya a 2021, West Virginia a 2022, Florida da Missouri a 2023. Japan, wadda ta daɗe tana bai wa mutum ɗaya kacal riƙo bayan saki, ta gyara dokarta a 2024. Ingila kuwa a dokar 2014 ta tsaya kan cewa kowane ɗaya ya kasance cikin rayuwar yaro, ba ta yi maganar raba kwanaki ba.

Inda ake jayayya

Kusan babu mai musun cewa yaro na buƙatar iyayensa biyu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta faɗi haka a sashe na 9 da na 18. Masu fafutukar suna kafa hujja da binciken da aka yi a Suwidin, wanda ya nuna yaran da ke zama gida biyu sun fi waɗanda ke hannun mutum ɗaya lafiyar jiki da kwanciyar hankali. Masu suka suna cewa iyayen da ke iya irin wannan tsari tun asali su ne masu fahimtar juna da rufin asiri, gidajensu kuma kusa da juna, don haka ba a san ko tsarin ne ya gyara yaran ko halin iyayen ba. Akwai kuma batun jarirai, waɗanda yawan sauya wurin kwana zai iya wahalar da su.

Mafi nauyin suka shi ne na gidajen da ake duka da cin zarafi. Yawancin ma'aurata kan sasanta tsakaninsu ba tare da alƙali ba. Waɗanda ke kaiwa gaban kotu su ne masu rikici mai tsanani, kuma a kansu dokar za ta fi aiki. A nan ne fafutukar ke da aikin da ba ta gama ba, domin macen da ta gudu daga mai dukanta bai kamata a ɗora mata wahalar rushe wani matsayi na doka ba kafin a kare ta da 'ya'yanta.

Ostareliya ta gwada abin da kanta. Dokarta ta 2006 ta kafa cewa iyaye biyu suna da alhaki daidai wajen yanke manyan shawarwari kan yaro, kamar makaranta da magani. Mutane da yawa suka fahimci hakan a matsayin haƙƙin raba kwanakin yaro daidai tsakanin iyaye, wasu iyaye mata kuma suka amince da tsarin da ba shi da aminci saboda zaton doka ta tilasta. Majalisa ta soke wannan tanadi a 2023, sabuwar dokar ta fara aiki ranar 6 ga Mayu, 2024. Yanzu alƙali yana iya raba kwanaki daidai idan ya ga ya dace, amma sai ya auna tsaron yaro da na mai kula da shi, ra'ayin yaron, da amfanin da zai samu daga dangantaka da iyayensa biyu.