Charles-Joseph Panckoucke

Charles-Joseph Panckoucke (26 ga Nuwamba 1736 zuwa 19 ga Disamba 1798) mai sayar da littattafai ne kuma mawallafi ɗan ƙasar Faransa. An fi saninsa da sake buga Encyclopédie, babban kundin ilimi na Faransanci, da kafa jaridar Le Moniteur universel.

Asali

A birnin Lille aka haife shi. Sana'ar gado ce, don mahaifinsa André-Joseph ma littattafai yake sayarwa a garin. Wajen shekarar 1762 ya koma Paris, ya sayi kantin Michel Lambert, daga baya ya zama mai sayar da littattafan maɗaba'ar sarki da na Cibiyar Kimiyya. Cikin manyan ayyukan da suka shigo hannunsa har da littafin tarihin halittu na masani Buffon.

Cinikin Encyclopédie

A zamanin ba a buga littafi a Faransa sai da izinin sarki, kuma izinin kansa haja ce da ake saye da sayarwa. A nan Panckoucke ya gwanance. A 1768 shi da abokan cinikinsa suka sayi haƙƙin Encyclopédie na Diderot da d'Alembert daga hannun André Le Breton da abokansa. Farkon abin bai zo da daɗi ba: malaman coci sun yi ƙorafi, a 1770 hukuma ta kwashe juzu'i uku na farko da ya sake bugawa ta kulle su a kurkukun Bastille. Bai haƙura ba, ya mayar da aikin Geneva. Tsakanin 1776 da 1777 ya shiga aikin ƙarin kundin, juzu'i 4 na rubutu da 1 na zane-zane.

Riba mafi tsoka ta zo ne daga bugun da aka rage wa girma da farashi tsakanin 1777 da 1779, wanda ya yi tare da Joseph Duplain na Lyon da wani kamfanin ɗab'i na Neuchâtel (a Switzerland ta yau). An buga sama da 8,000, har kundin ya kai hannun lauyoyi da ma'aikatan hukuma na larduna, mutanen da bugun farko ya fi ƙarfin aljihunsu. Tarayyar ta ƙare da rigima: an zargi Duplain da ɓoye kuɗin masu saye, aka sasanta a 1780 bayan ya biya diyya.

A 1782 ya fara nasa kundin, Encyclopédie méthodique, wanda aka tsara fanni-fanni maimakon bin jerin haruffa gaba ɗaya. Buri ne da ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya. Surukinsa Henri Agasse ya ci gaba da shi, sannan 'yarsa, matar Agasse, ta kammala a 1832, juzu'i kusan 200.

Jaridu

Ya karɓi mujallar Mercure de France a 1778. A ranar 24 ga Nuwamba 1789, watanni kaɗan da fara juyin juya halin Faransa, ya fito da Le Moniteur universel, wadda ta shahara wajen kawo muhawarorin majalisa dalla-dalla, daga baya ta zama jaridar gwamnati. 'Yan juyin juya hali sun sha sukarsa cewa yana wasa biyu, tunda jaridun tsohuwar sarauta ma a hannunsa suke.

Iyali

'Yar'uwarsa Amélie ta auri marubuci Jean-Baptiste Suard. Ɗansa Charles-Louis-Fleury (1780 zuwa 1844) ya gaji sana'ar, shi ne ya yi bugu na biyu na Description de l'Égypte, babban kundin bayani a kan ƙasar Masar.